Leonhard Euler da Gadoji Bakwai

An haifi Leonhard Euler a birnin Basel ta ƙasar Suwizalan cikin 1707. Ubansa limamin Kirista ne, ya so ɗan ya gaje shi, amma malaminsa Johann Bernoulli ya ga hazaƙar yaron wajen lissafi, ya roƙi uban ya ƙyale shi. Cikin 1727 ya tafi aiki majalisar masana ta Rasha.

Yana can aka kawo masa wata matsala. Kogi ya raba birnin Konigsberg, wanda yau ake kira Kaliningrad, yanki huɗu, gadoji bakwai sun haɗa su. Shin mutum ya iya bi ta kan kowace gada sau ɗaya tak, ba maimai?

To, ga inda gwanintarsa ta fito. Ya watsar da tsawon gadoji da faɗin unguwanni, ya ba kowane yanki harafi guda, ya ƙidaya gadojin da suka taɓa shi kurum. Wanda ya shiga yanki ta wata gada, tilas ya fita ta wata, saboda haka gadojin kowane yanki sai su zama cika, in banda mafari da maƙari. Ashe yankunan nan huɗu duk mara ne: ɗaya na da biyar, sauran uku uku. Watau tafiyar ba ta yiwuwa. Cikin 1735 ya bayyana wa majalisar wannan hujja.

Na baya suka mai da yanki ɗigo, gada kuwa layi. Da wannan dabara ake zana taswirar jama'ar ilmi yanzu: kowane masani ɗigo, in biyu sun yi rubutu tare a ja layi tsakaninsu. Nan take sai a ga ƙungiyoyi, a kuma ga mutum guda wanda in ya kau, sassa biyu sun rabu. Cikin 1965 Derek Price ya auna rubuce-rubucen kimiyya ta irin wannan hanya.

Euler ya zauna Berlin daga 1741 zuwa 1766, sa'an nan ya koma Rasha. Ya makance, amma bai fasa ba: yana faɗa, ana rubutawa, har ya rasu cikin 1783.

Malamai da akawuna, in aiki ya cukurkuɗe muku, ku fara tambaya: mene ne za a zubar, amsa ba ta sāke ba?