Enrico Mattei: Yaron Majemar Da Aka Ba Gwanjon Kamfanin Gwamnati Ya Ƙi Sayarwa

Duk ɗan kasuwar da ya kwana biyu yana bin hanyoyin Najeriya zai iya tuna gidajen man nan na Agip, masu tambarin wani baƙin kare mai ƙafa shida da ke fitar da jar wuta daga bakinsa. Gidajen man sun canza suna tun farkon shekarun 2000 bayan kamfanin Unipetrol ya saye su, har aka koma kiransu Oando. To yau za mu kawo tarihin mutumin da ya saki wannan kare a duniya ne, wato Enrico Mattei na ƙasar Italiya, wanda ya kafa kamfanin gas da mai na gwamnatin ƙasarsu da ake kira ENI.

Wani zai ce ina ruwanmu da Baturen da ya mutu tun 1962. A nan Kilomita Biyar ta Bangui, man fetur da gas ɗin girki duk daga waje suke zuwa mana, ko dai a mota daga Douala ta Garoua-Boulaï da Beloko da Bouar, ko kuma ta kogin Ubangi. Wanda ya ga abin da ya faru daga Disamban 2020 zuwa Fabrairun 2021, lokacin da 'yan tawaye suka tare hanyar Kamaru, manyan motoci suka yi cirko-cirko a kan iyaka, farashi ya yi tashin gwauron zabo, ba sai an gaya masa darajar hanya ba. Shi kuwa Mattei a kan maganar hanya da maganar kaso ya ƙare rayuwarsa.

An haife shi ranar 29 ga Afrilu, 1906 a wani ƙaramin gari mai suna Acqualagna da ke tsakiyar Italiya. Mahaifinsa Antonio jandarma ne mai ƙaramin muƙami, daga baya ya kwashe iyalinsa zuwa garin Matelica. Karatu bai karɓi Enrico ba, don haka uban ya kai shi wata masana'antar gadajen ƙarfe yana shafa fenti. A 1923 ya koma wata majema a matsayin ɗan aike. Wanda ya taɓa ratsa majema a Kano ko Sakkwato ya san irin warin da mai wannan sana'a ke kwana yana tashi a ciki, to amma yaron ya jure, kafin ya wuce shekara ashirin da 'yan kai an damƙa masa ragamar majemar baki ɗaya.

Da majemar ta durƙushe a 1929, sai ya tafi birnin Milan ya shiga tallan fenti, daga nan ya zama wakilin wani kamfanin Jamus mai sayar da sinadaran jima. Da ya gane kan kasuwar, sai ya buɗe tasa 'yar masana'antar yana haɗa mayukan da majemai ke buƙata, ya yi kuɗi tun yana saurayi, ya kuma koma karatun akawu da ya gudu ya bari. Ya riƙe katin jam'iyyar Mussolini kamar yadda 'yan kasuwa da dama suka yi a lokacin, amma daga 1943 ya shiga sahun masu yaƙin sunƙuru da sojojin Jamus da gwamnatin Mussolini, har ya zama jagoran mayaƙan ɓangaren jam'iyyar Kiristoci. An kama shi a Oktoban 1944, ya tsere a watan Disamba.

Ranar 28 ga Afrilu, 1945, yaƙi na ƙarewa, aka naɗa shi kantoman Agip. Wannan kamfani gwamnatin Mussolini ce ta kafa shi a 1926, ya shekara da shekaru yana haƙa rijiyoyi ba wani abin kirki, saboda haka aikin da aka ba Mattei shi ne ya dakatar da haƙa, ya sallami ma'aikata, ya yi gwanjon kayan. A nan ne idon ɗan kasuwa ya yi masa rana. Ya lura cewa kayan da ake ce masa ba su da amfani, manyan kamfanoni na gida da na waje sai rawar jiki suke yi a kansu, kuma Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Da ya bincika, sai wani injiniya mai suna Carlo Zanmatti ya shaida masa cewa tun 1944 an taɓo iskar gas a ƙauyen Caviaga, kudu da Milan, aka rufe maganar don kada Jamusawa su ji. Mattei ya yi kunnen uwar shegu da umurnin da ke zuwa daga Roma, ya ce a ci gaba da haƙa. A watan Maris na 1946 rijiya ta biyu ta fitar da gas mai yawa.

Sai dai a wancan zamani mahaƙa mai ba su ɗauki gas a bakin komai ba. Fetur ana iya ɗura shi a duro ko a tanka a kai ko'ina, shi kuwa gas ɗin rijiya sai da bututu tun daga bakin rijiya har ƙofar mai saye, shi ya sa a wurare da yawa ake cinna masa wuta kawai ya ƙone a iska, kamar yadda aka daɗe ana yi a yankin Neja Delta. Italiya kuwa ba ta da kwal na a zo a gani, da kuɗin waje take sayo shi, ga masana'antun Milan na neman makamashi ido rufe. Kaya ga shi, mai saye ga shi, hanya ce babu.

Sai ya sa kamfanin SNAM, wanda ke ƙarƙashinsa, ya shiga shimfiɗa bututu ba dare ba rana. Matsalar ita ce kowane gari da kowane mai gona sai an nemi izininsa, kuma takarda ɗaya tana iya shekara a ofis. Labarin da aka fi bayarwa shi ne na garin Cremona, inda aka ce ma'aikatansa sun shiga cikin dare suka tsaga titunan gari da rami. Gari na wayewa magajin gari ya fito a fusace, Mattei ya zo ya ba da haƙuri, ya nuna kamar yaransa ne suka yi kuskure kuma zai janye su nan take. Magajin gari ya dubi ramin da ya raba garinsa biyu, ya roƙe shi ya sa bututunsa ya rufe ya tafi. Ba muna ba kowa shawarar ya gwada wannan dabara a shingen kwastan ba ne, domin shi Mattei yana da manya a bayansa, musamman ministan kuɗi Ezio Vanoni. Ko ma dai yaya ne, bututun da bai kai kilomita 300 ba a 1948 ya kai wajen kilomita 2,000 a 1952.

A 1949 an sami ɗan fetur a Cortemaggiore. Man bai taka kara ya karya ba, amma Mattei ya sa jaridu suka yi ta buga ganga kamar an gano teku, ya kuma laƙaba wa fetur ɗin gidajen mansa sunan garin, alhali yawancinsa daga ɗanyen man waje ake tace shi. Masu talla sun san wannan salo. Karen nan mai ƙafa shida a 1952 aka fito da shi.

Ranar 10 ga Fabrairu, 1953 dokar kafa ENI ta fito, wadda ta tattara Agip da SNAM da sauransu a inuwa ɗaya mallakar gwamnati, ta kuma ba kamfanin ikon haƙa da jigilar gas shi kaɗai a kwarin kogin Po. Mattei ya ajiye kujerarsa ta majalisa ya zama shugaban kamfanin. Sirrin ƙarfinsa a lissafi yake: fitar da gas ɗin ba ya cin kuɗi sosai, shi kuma yana sayar da shi a farashin da ke bin na man da ake shigowa da shi daga waje, ratar da ke tsakani ita ce jarinsa. Da ita ya gina masana'antar takin zamani da roba a Ravenna, wadda ta karya farashin taki ga manoma. Da ya shiga kasuwar gas ɗin girki da sunan Agipgas kuwa, sai ya soke kuɗin jinginar tukunya da sauran kamfanoni ke karɓa kafin su ba mutum gas. Mai shagon da ke sayar da gas a yau ya san cewa sau da yawa kuɗin tukunyar farko ne ke mayar da magidanci kan gawayi.

Ba za mu ɓoye ɗaya gefen ba. Daga cikin wannan riba ce yake ba jam'iyyun siyasa kuɗi, na gwamnati da na adawa, don kada a taɓa kamfaninsa a majalisa, kuma shi ne ke bayan jaridar Il Giorno da ta fara fitowa a 1956. Ko maƙiyansa ba su cika zarginsa da tara wa kansa dukiya ba, amma dukiyar jama'a ce yake juyawa ba tare da wani ya isa ya buɗe masa littafi ba, kuma al'adar da ya dasa ta sayen 'yan siyasa da kuɗin kamfanin gwamnati ta daɗe tana cin Italiya bayan babu shi. Mu da muka sha ganin kamfanin gwamnati ya zama saniyar tatsa ba mu ga abin yabo a wannan ba.

Da yake Italiya gas take da shi ba fetur ba, dole ya fita nema. A lokacin manyan kamfanoni bakwai ne ke riƙe da man duniya, wato Esso da Mobil da Chevron da Texaco da Gulf da Shell da BP, waɗanda ya yi wa laƙabi da 'yan'uwa mata bakwai. Da aka sake raba man Iran a 1954, ba a ba Italiya ko ɗigo ba. Sai ya zagaya ta bayan gida, ya tafi wurin masu ƙasa da tayin da ya fi na kowa. Manyan kamfanoni rabi da rabi suke yi da ƙasa mai rijiya. Shi kuwa a yarjejeniyar da ya ƙulla da Iran a 1957, an kafa kamfanin haɗin gwiwa, gwamnati ta ɗauki rabin riba a matsayin haraji, sauran rabin a raba biyu tsakanin abokan tarayya, ka ga ƙasa ta tashi da kashi 75 cikin 100 ke nan. Bugu da ƙari ENI ne ke ɗaukar kuɗin bincike, in ba a sami komai ba asararsa ce shi kaɗai. Man da aka samu a Iran ɗin bai yi yawa ba, amma mai rijiya ya tashi daga mai karɓar la'ada ya zama abokin ciniki, kuma sauran ƙasashe sun gani.

Ya shiga Masar da Maroko da Libiya da Tunisiya, ya ƙulla gina matatar mai a Tema ta ƙasar Ghana, sa'annan a 1962 aka kafa reshen haƙar mai na Agip a Najeriya. A 1960 ya yi cinikin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda da Tarayyar Sobiyet, suna ba shi ɗanyen mai mai rahusa yana ba su bututun ƙarfe da roba, abin da ya ɓata wa Amurka rai matuƙa. Faransa ma haushinsa take ji, domin ya ƙi shiga rabon man Sahara muddin Aljeriya ba ta sami 'yanci ba, yana kuma taimaka wa 'yan gwagwarmayar FLN. A 1961 ƙungiyar OAS ta Turawan da ba sa son a saki Aljeriya ta aika masa da takardar barazanar kisa, a Janairun 1962 kuma aka tsinci sukudireba a cikin injin jirginsa.

Daren 27 ga Oktoba, 1962, yana dawowa daga Catania ta tsibirin Sisili, ƙaramin jirginsa ya faɗi a ƙauyen Bascapè saura kaɗan ya sauka a Milan. Ya mutu yana da shekara 56, tare da matuƙinsa Irnerio Bertuzzi da wani ɗan jaridar Amurka, William McHale. Binciken farko ya ce haɗari ne. A 1970 wani ɗan jarida, Mauro De Mauro, da ke bin diddigin kwanakinsa na ƙarshe ya ɓace a Palermo, ba a sake ganinsa ba. A 1994 mai gabatar da ƙara na Pavia, Vincenzo Calia, ya sake buɗe binciken, aka tono gawa aka duba tarkacen jirgin, ya kammala a 2003 da cewa abin fashewa aka dasa a ciki. Bai iya tabbatar da wanda ya ba da umurnin ba, kuma ba a hukunta kowa ba.

Kamfanin bai mutu da shi ba, ko da yake ya canza kama. Daga 1995 aka fara sayar da hannun jarinsa, gwamnati ta rage da wajen kashi 30 cikin 100. Ya shiga kamfanin gas na NLNG da ke Bonny da kashi 10.4, inda NNPC ke da 49, wanda jirginsa na farko ya tashi a 1999, a 2024 kuma ya sayar wa Oando da reshen nan na Agip da aka kafa a shekarar mutuwar Mattei.

A 1983 aka buɗe bututun da ya taso daga filin gas na Hassi R'Mel a Saharar Aljeriya, ya ratsa Tunisiya da ƙarƙashin teku ya shiga Italiya ta Sisili, daga baya Aljeriyawa suka sa masa sunan Enrico Mattei. A 2009 Najeriya da Nijar da Aljeriya suka sa hannu a Abuja kan wani bututun mai tsawon kimanin kilomita 4,000 da zai ratsa ƙasar Hausa da hamada, suka sabunta maganar a 2022, a 2020 kuma aka ƙaddamar da aikin ɓangaren Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. A taswirar da aka zana, bututun zai ƙare ne a Hassi R'Mel.