Alhaji Mamman Shata Katsina

A cikin mawaƙan ƙasar Hausa da muka tashi muka iske ana ambato, babu wanda sunansa ya kai inda na Mamman Shata ya kai. An haife shi a Musawa, cikin ƙasar Katsina, a shekarar 1923. Iyayensa Fulani ne, ba su gaji kiɗa ba, ba su gaji roƙo ba, saboda haka ubansa bai so masa wannan sana'a ba ko kaɗan. Yaron ya yi karatun allo kamar yadda mu duka muka yi, ya taɓa tallar goro, amma hankalinsa yana dandali. Daga bisani ya bar gida, ya zauna Bakori, da Funtuwa, da Kano.

To, abin da ya raba shi da manyan makaɗan da suka gabace shi, shi ne bai ɗaure kansa ga fada guda ba. Narambaɗa da kotsonsa na Sarkin Gobir na Isa ne. Shata kuwa kalangu ya ɗauka, watau kiɗan mahauta da 'yan mata, ya shiga da shi ƙofar sarakuna. Ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar waƙa, ya yi wa direbobi, da fatake, da manoma, wanda ya saɓa masa kuma ya sha zambo.

Yadda ya ke shirya waƙa shi ne abin al'ajabi. Ba ya zama gida ya tsara ta. Sai ya ba 'yan amshi 'yar gajeriyar magana su riƙe, kalangu na tafe da su, sa'an nan shi ya yi ta ɗora baiti bisa baiti nan take, gwargwadon wanda ya gani a wurin da abin da ya faɗo masa a rai. Don haka ko Bakandamiyarsa, inda ya ke yi wa kansa kirari, in ya rera ta yau ya sake gobe, sai ka ji ta sake kama. Mu da kan kwana uku muna fama da insha'i mai shafi ɗaya, mun san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya ƙarfafa zukatan sojoji. Da Amurkawa suka sauka bisa wata a 1969, har kumbon nan Apollo 11 bai tsira daga bakinsa ba.

Malamanmu na zaure ba su yarda da shi duka ba, gama bakin da ya yabi Annabi shi ne ya wasa mashaya. Suna da hujja, ba kuwa ko wace waƙarsa za mu kai gaban yara a aji ba. Amma Hausar da ke cikinsu, wuyar samu gare ta a littattafanmu.

Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988. Ya rasu a Kano ran 18 ga Yuni, 1999, aka kai shi Daura aka rufe. Allah ya jiƙansa.