Marigayi Kyaftin Chari Maigumeri

Mu da muke zaune a Kaduna ta Kudu mun saba da zancen makamai, domin masana'antar ƙera makamai ta ƙasa tana Kakuri tun 1964. A ƙasashe da dama kuma akwai masu tara tsofaffin bindigogin yaƙi. Sukan kankare tsatsa, su shafa mai, su toshe bakin bindigar don kada ta sake tashi, sa'an nan su ajiye ta a gidan tarihi, kamar wanda aka buɗe a Umuahia a 1985. Cikin irin waɗannan akwai bindigar Boys ta Ingila, mai huda tankar yaƙi, wadda nauyinta ya kai kilo 16. Ni dai a ganina, gyaran ƙarfe ba shi da amfani in an manta da mutanen da suka yi yaƙin. Shi ya sa na zaɓi in ba ku tarihin ɗaya daga cikinsu, watau Chari Maigumeri.

Chari ya fara aikin soja yana saurayi a rundunar Jamus, lokacin da Jamusawa ke mulkin Kamaru. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, ya yi faɗa da sojojin Ingila, har Jamusawa suka ba shi lambar jarumtaka ta Iron Cross. A 1915, shekarar da Garwa ta faɗi, aka kama shi.

To, abin mamaki, a 1917 sai ya shiga rundunar sojan Nijeriya, wadda ta kama shi. Aka tura shi Afirka ta Gabas ya yaƙi Jamusawan da ya yi wa aiki a da. Ƙwazonsa da ladabinsa suka sa yana ta samun ƙarin girma, har a 1928 ya zama Samanja na Bataliya ta 3.

Da yaƙin Hitila ya zo, bataliyarsa tana cikin sojojin Nijeriya da suka kori Italiyawa daga Somaliya da Habasha. A watan Fabrairu na 1941 suka shiga Mogadishu, a watan Maris kuma suka kai Harar. Italiyawa suna da igwa da tankoki, kuma tafiyar ta ɗaruruwan mil ce cikin zafi da ƙishirwa. A wannan yaƙi aka ba Chari lambar Military Medal. Daga nan ya tafi Burma, inda sojojin Afirka ta Yamma suka gwabza da Japan cikin kurmi, aka kuma ba shi lambar BEM a 1944.

A 1953 ya ajiye aiki bayan shekara 36, aka ba shi muƙamin Kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lokoja sunansa yake ɗauke da shi.

Wani zai ce ai yaƙin Turawa ya yi, ba namu ba. Gaskiya ne, a zamaninsa baƙar fata ba shi da ta cewa kan wanda za a yaƙa. Amma riƙon amana da jimiri nasa ne, ba wanda ya ara masa.

A gidajenmu da yawa akwai kakan da ya je Burma ko Habasha. Lambobinsa da hotonsa suna ƙasan akwati suna cin tsatsa. Ina roƙon iyayenmu su fito mana da su, su gaya mana sunayen masu su, mu kuwa mu rubuta mu adana tun masu ba da labarin suna raye. Allah ya jiƙan Chari Maigumeri da sauran mazan jiya, amin.