Arthur Coningham

Sir Arthur Coningham (19 Janairu 1895 – 30 Janairu 1948) babban hafsan sojan sama ne na Birtaniya. A Najeriya an fi saninsa da jagorantar jiragen sama na farko da suka sauka a Kano a shekarar 1925.

Farkon rayuwa

An haife shi a Brisbane ta ƙasar Ostareliya, amma a New Zealand ya tashi. Ya shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a matsayin sojan ƙasa, zazzaɓin taifot ya sa aka sallame shi a 1916. Da ya warware sai ya tafi Ingila ya koyi tuƙin jirgin yaƙi, aka tura shi fagen daga a Faransa.

Tafiyar Alƙahira zuwa Kano

Ranar 27 ga Oktoba 1925 Coningham ya tashi daga sansanin Helwan, kusa da Alƙahira, da jirage uku ƙirar DH.9A. Ƙananan jirage ne masu inji ɗaya da fukafukai hawa biyu, mutum biyu kawai kowannensu ke ɗauka, kuma mazauninsu a buɗe yake ba rufi. Man da ke cikinsu ba zai kai su su ratsa hamada kai tsaye ba, don haka suka bi kogin Nilu zuwa Khartum, sannan suka yi yamma ta El Fasher da Fort Lamy (N'Djamena a yau) da Maiduguri, suna yada zango suna shan mai.

Sun sauka a filin sukuwa na Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman ɗan Abdullahi, domin a lokacin birnin ba shi da filin jirgi. Daga nan suka ƙarasa Kaduna, suka juya ta hanyar da suka zo, suka isa Helwan ranar 19 ga Nuwamba. Zuwa da komowa sun yi kimanin mil 6,500 cikin kwana 24, wajen awa 80 daga ciki a sama. Tazarar Alƙahira da Kano kai tsaye kilomita 3,100 ce ko kusa da haka, kuma jirgin fasinja na yau kan yi ta cikin kimanin awa 5. Su kwana shida suka yi.

Amfanin tafiyar bai fito sosai ba sai a Yaƙin Duniya na Biyu. Daga 1940 Birtaniya ta riƙa harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta Gana, ana tuƙa su ta Kano da Maiduguri da Khartum zuwa Masar. Rundunar saman da ta dogara da waɗannan jirage a hamadar Arewacin Afirka kuwa, Coningham ne kwamandanta daga 1941. Ya yi aiki tare da Janar Montgomery a yaƙin El Alamein a 1942, ya kuma jagoranci jiragen da suka taimaka wa sojojin ƙawance a Normandi a 1944. Ya yi ritaya a 1947.

Mutuwa

A ƙarshen Janairu 1948 ya hau jirgin fasinja mai suna Star Tiger daga Landan, aka tsaya a Lisbon da tsibiran Azores. Jirgin ya ɓace a tekun Atlantika kafin ya kai Bermuda, da mutum 31 a ciki, kuma ba a taɓa ganin tarkacensa ba. A ranar ce aka kashe Mahatma Gandhi, a ranar kuma Orville Wright, ɗaya daga cikin 'yan'uwa biyun da suka fara tashi da jirgin sama, ya rasu.