Harley Earl: Mutumin da Ya Shigar da Yumɓu Masana'antar Mota

'Yan uwana tsofaffin ɗalibai da malamanmu masu girma, a wannan fitowa na zaɓi in kawo muku tarihin wani Ba'amurke mai suna Harley Earl.

An haife shi a Holiwud, jihar Kalifoniya, ranar 22 ga Nuwamba 1893. Mahaifinsa maƙerin keken doki ne, daga baya ya koma ƙera gangar jikin mota. Harley ya shiga Jami'ar Stanford, amma bai gama ba ya dawo shagon mahaifinsa, yana ƙera wa 'yan fim motoci na musamman. Kafin a taɓa ƙarfe, sai ya gina siffar motar da yumɓu, a dube ta ta kowace fuska, a gyara.

Shugaban Cadillac, Lawrence Fisher, ya ga wannan aiki, ya ba shi zanen motar LaSalle ta 1927. Da kasuwa ta karɓe ta, sai Alfred Sloan, shugaban General Motors, ya buɗe sashen zane da launi, ya damƙa masa. Injiniyoyi da yawa ba su yi maraba ba, amma a 1940 ya zama mataimakin shugaban kamfanin.

Yumɓun nan ba irin na tukwanenmu ba ne. Akwai kaki da mai a cikinsa, shi ya sa ba ya bushewa. Ana ɗumama shi ya yi laushi, a shafa a kan ƙwarangwal, in ya huce a kankare. Akan fara da ƙaramar siffa kafin a gina mai girman mota. Kuskure a yumɓu kankarewa ce kawai, a ƙarfe kuwa babbar asara ce. Har yau kamfanoni ba su daina ba, duk da zuwan kwamfuta.

A ƙarƙashinsa aka fito da Buick Y-Job a 1938 da Corvette a 1953. An dai zarge shi da canza ƙira kowace shekara don mutane su raina motar da suke da ita. Ya yi ritaya a 1958, ya mutu a Fulorida ranar 10 ga Afrilu 1969.

Ina ganin da yawanmu mun ɗauki darasin aikin hannu kamar wasa. Shawarata ita ce ƙungiyarmu ta taimaka wa ɗakin zane na makarantarmu da kayan aiki, kada basirar ƙannenmu ta salwanta. Allah ya sa mu dace.