Ladi Kwali: Maginiyar da ke bayan Naira 20

Takardar Naira 20 da ke yawo a shagunan Gyadi-Gyadi da Tarauni tana ɗauke da hoton Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi da aka haifa a Kwali wajajen 1925. A 1954 ta zama mace ta farko da ta shiga cibiyar koyon tukwane ta Michael Cardew a Abuja, wato Suleja ta yanzu. Ta ƙware a na'urar juya yumɓu, amma ba ta saki ginin hannu na iyayenta ba, tana zana kunama, ƙadangare, hawainiya da kada a jikin randa. Wannan riƙon gado ne ya kai tukwanenta Landan, ya jawo mata digirin girmamawa na Jami'ar Ahmadu Bello a 1977. Ta rasu a Minna a 1984.