Al-Khawarizmi da Asalin Aljabara: Lissafin da Aka Gina da Kalmomi

An haifi Muhammad bin Musa al-Khawarizmi wajajen shekarar 780 Miladiyya, kuma nisbarsa tana komawa ne ga Khawarizm, yankin da ke kudu da tafkin Aral a tsakiyar Asiya. A Bagadaza ya shahara, cikin malaman Baitul Hikma, a zamanin Halifa Ma'amun (813–833). Wajajen 820 ya wallafa littafinsa kan lissafin jabru da muƙabala, domin biyan buƙatun jama'a na rabon gado da wasiyya da ciniki da awon ƙasa.

Abin lura shi ne, bai yi amfani da harafi ko alama a madadin adadin da ba a sani ba. Da kalmomin Larabci na yau da kullum ya kafa fannin. Adadin da ake nema ya kira shi shai'u, wato abu, ko jizru, wato saiwa. Idan aka ninka abun da kansa, sakamakon shi ne malu, wato dukiya. Sanannen adadi kuwa sau da yawa dirhami yake kiransa. Jabru, kalmar da ake faɗa wa ɗorin karaya, ita ce cike giɓin abin da aka ɗebe daga ɓangare ɗaya ta hanyar ƙara shi a ɓangarorin biyu. Muƙabala kuma ita ce soke abin da ya yi daidai a kowane ɓangare.

Fitaccen misalinsa shi ne dukiya da saiwa goma da suka yi daidai da dirhami 39. Rabin goma 5 ne; a ninka shi da kansa ya ba da 25; a haɗa da 39 ya zama 64, wanda saiwarsa 8 ce; a ɗebe 5, saura 3. Shi ne abun da ake nema.

Ya rasu wajajen 850. A 1145 Robert na Chester ya fassara littafin zuwa Latin, daga nan kalmar aljabara ta bazu a Turai. Sai a 1637 Descartes ya daidaita amfani da x da y da z. Ke nan fannin ya yi ƙarnuka yana tafiya da kalmomi. Wannan darasi ne ga masu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomin lissafi a Hausa: kafin a garzaya ga aro, ya kamata a fara laluben rumbun harshen kansa.